Malam Iro Raba-Biyu da Idanun Yaya Asabe

Ku da kuka zauna da Malam Iro ba sai na faɗa muku ba, mutumin nan bai taɓa karɓar magana ɗungurungum ba. Ka zo masa da magani, ko sabon iri, ko wani camfi da ka gada tun kaka da kakanni, sai ya karkace kai, ya sosa ɗan gemun nan nasa, ya ce, "To, a raba biyu." Rabi a yi masa abin da ka ce, rabi a bar shi yadda Allah ya ajiye shi, sannan a zauna a ga wanda zai fi. Da haka sunan ya bi shi. Daga Kura har Bunkure in ka ce kana neman Malam Iro sai a ce maka wanne, amma ka ce Raba-Biyu, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka gidan.

Tun da an shafa addu'ar arba'in kuka ce in ce wani abu, to ku gyara zama. Ni Tanko ƙanin matarsa ne, Yaya Asabe, kuma a gidansa na sauka lokacin da na baro Madobi neman gona. Kun san tsakanin ƙanin mata da mijin ya ba a raba su da tsiya, to mu namu ya wuce misali. Yaya tana bayan zanan nan tana jina, ta kuma aiko a gaya min kada in ƙara gishiri. Ba zan ƙara ba, Yaya, abin da gishirinsa ya zo. Inda zan kai ku kuwa maganar idanunta ce, don duk shekarun da muke ta dariyar Malam Iro, yanar ido ce take rufe mata gani a hankali, muna ji muna gani.

Amma bari in fara da gwiwa.

Wata ranar kasuwar Bunkure wani mai magani ya baje kolinsa, yana ta rantsuwa cewa man da ke kwalbarsa man jimina ne, ko gurgu ya shafa sai ya yi tsere da doki. Malam Iro kuwa sanyi ya kama masa gwiwoyi duka biyu, in zai tashi daga tabarma sai ya yi salati sau uku. Ya saya ya kawo gida. Safe da yamma ya zauna ya naɗe wando, ya mulke gwiwar dama har tana ƙyalli, ya saki wandon ya tashi.

Yaya ta ce, "Malam, ɗayar kuma ta maƙwabta ce?"

Ya ce, "Ta-Madobi," haka yake kiranta, "in na shafa wa duka biyun suka warke, yaya zan san man ne ko kuwa damina ce ta wuce?"

Ta ce, "Ai ka dai warke."

Ya ce, "Warkewa daban, sani daban."

Man nan kuwa wari gare shi, subhanallahi! A masallaci duk wanda ya tsaya damansa sai ya yi ta kawar da kai. Bayan wata guda mai maganin ya dawo kasuwa, ya hango shi, ya ɗaga murya don jama'a su ji: "Ga shaida nan Allah ya kawo! Baba, yaya gwiwa?"

Malam Iro ya ce, "Wacce?"

"Wadda ka shafa wa mana!"

"Tana ciwo."

"To ɗayar fa?"

"Ita ma tana ciwo. Amma kada in zalunce ka, ɗan nan, akwai bambanci. Ƙudaje sun fi son ta dama."

Ranar mai magani bai kai la'asar a kasuwa ba.

Sai maganar kabewa. Kun san dai yadda iyayenmu mata ke cewa ba a nuna ɗan kabewa da yatsa, wai sai ya ruɓe ya faɗi, in za ka nuna sai da baki ko da dunƙulen hannu. Yaya ta yi wa wani yaro tsawa a kan haka, ashe Malam Iro yana bayan rumbu yana ji. Washegari ya yayyaga tsumma, ya bi kabewar bayan gida yana ɗaura wa rabinsu. Daga ranar, da an sallame asuba gari ya waye, sai ka gan shi tsaye a cikin yabanya ya miƙe yatsa: "Ke! Ke ma! Ke ta can, kada ki ɓuya a ganye, na gan ki!" Waɗanda ba su da tsumma kuwa ko kallonsu ba ya yi, har kauda kai yake in zai gifta su.

Gari ya ɗauka Malam Iro ya taɓu. Har Liman ya tako da kansa, ya same shi a tsakiyar aiki, ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Iro, wannan hali naka yana ba ni tsoro. Kada wata rana ka ce salla ma a raba biyu."

Malam Iro ya sauke yatsa ya ce, "Haba, Allah gafarta Malam! Abin da Allah ya faɗa ba na gwada shi. Abin da kakar Tanko ta faɗa nake gwadawa. In akwai kabewa a littafi, buɗe min in daina."

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya goce, ya ce in sakamako ya fito a sanar da shi, don shi ma matarsa ta hana shi sakat.

Sakamako bai fito ba. Kabewa ta fara girma kenan, shanun Arɗo da ke rugar yamma da mu suka ɓalle da hantsi suka shiga, suka share mai tsumma da marar tsumma, har tsumman ba su bari ba. Arɗo ya zo yana ta ba da haƙuri, ya ce a faɗi abin da za a yi masa. Malam Iro ya kama hannunsa ya ja shi gefe, mu muna tsammanin rigima ce, sai muka ji ya ce, "Arɗo, bar wannan maganar. Tsakaninka da Allah, kana wurin? Wacce suka fara ci?"

A daminar nan ce na fara lura da Yaya. Ita gwanar saƙar faifai ce, da rinanniyar kaba ja da kore da baƙa, har daga Kumbotso ake aiko mata. Sai na ga faifanta ya fara fitowa da ja a inda kore ya kamata. Wata safiya kuma na shiga gidan na tarar da Malam Iro tsugune a ƙofar ɗakinta kafin ta fito, yana ware mata kabar, ja a dama, kore a hagu, baƙa a tsakiya. Da ya gan ni sai ya miƙe da sauri ya ce wai kunama yake nema.

Ana nan fari ya zo ya wuce, Allah kada ya maimaita mana. Katafila ta shigo ta baje gonaki, aka haƙa wannan babbar magudana da muke kira kanal, aka sako ruwan madatsar Tiga. Mu da muka tashi mun san rani lokacin gyaran danga ne da tafiya cin rani, sai ga mu muna shuka alkama ruwa yana gudu a gindinta. Malamin gona, wani saurayi mai fara'a da ke zuwa a babur, ya kawo farin taki mai kama da gishiri. Dattawa suka ce ƙone ƙasa yake yi. Da muka ga ana rabawa dai kowa ya karɓa ya watsa, har masu cewa yana ƙone ƙasar. Malam Iro kaɗai ya ja igiya a tsakiyar gonarsa.

Jama'a, kun ga gonar nan da idonku. Rabi alkama har ƙugu, kore shar. Rabi kuwa iyakar gwiwa, ta yi rawaya tana neman taimako. Malamin gona kamar ya goya shi don murna, ya riƙa kwaso manoma daga ƙauyuka yana kawo su kallo, Malam Iro yana tsaye a kan igiyarsa yana bayani kamar shi ya ƙera takin. Da aka yi girbi kowa ya cika buhunansa, shi ya tashi da abin da bai kai na kowa ba.

Yaya ta ce, "To, Malam, rabin da bai yi ba, me za mu tuƙa?"

Ya ce, "Ta-Madobi, su duk sa'a suka ci. Da takin nan guba ne da garin nan kaf ya kwana da yunwa. Ni kuwa yanzu na sani."

Ta ce, "Madalla."

Da magariba aka kawo mana tuwo zaure, ya buɗe akushinsa, sai ga miyar kuka ta rufe rabin malmala, ɗaya rabin fari tas, an shata iyaka kamar da wuƙa. Ya ɗaga murya, "Ta-Madobi, miya ta ƙare ne?"

Daga ciki ta ce, "Ba ta ƙare ba. A raba biyu. In ka gama ka faɗa min wanne ya fi."

Wallahi sai da ya cinye duka biyun, gaya da mai miya, yana taunawa yana gyaɗa kai, sannan ya aika mata cewa mai miyar ya ci. Na yi dariya har na ƙware. Sai daga baya, da nake wanke hannu, na tuna cewa a lokacin Yaya ba ta ganin akushin ma sosai, da yatsa ta laluba ta shata iyakar nan.

Kafin rani ya zagayo ta daina saƙa. Ta koma bin bango. In ka shiga sai ka yi magana take sanin kai ne. Mai ɗakina ce ke zuwa ta yi musu girki, Yaya tana zaune a kan turmi tana jin motsin tukwanenta a hannun wata, ba ta cewa komai. Wanda ya san Yaya Asabe da baki ya san shirun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Hanya biyu ce a gabanmu. Akwai asibitin ido a Kano, amma kun tuna abin da ake faɗa a kansa a lokacin: wai ƙwaƙule idon suke yi su ajiye a faranti su wanke, in an yi rashin sa'a a musanya maka da na akuya. Har akwai wanda ya rantse cewa wani ɗan'uwansu tun da ya dawo daga can ba ya wuce ganye bai tsaya ba. Ɗaya hanyar kuwa wani baƙo ne dogo mai jakar fata da ya sauka a kasuwar Bunkure, mai aikin ido irin na gargajiya. A gabana aka jawo masa wani tsoho da sanda. Ya zaunar da shi, ya ɗiga masa wani ruwa, ya ɗauko ɗan ƙarfe siriri kamar basilla ya soka a gefen idon, ya tura yanar ta faɗa ciki. Ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, tsoho ya faɗa daidai, ya fashe da kuka. Kasuwa ta ɗauki kabbara.

A guje na dawo gida. Na ce, "Malam, tashi, Allah ya kawo mana sauƙi har ƙofa. Gobe mu kai Yaya."

Ya karkace kai. Ya kai hannu gemu.

Na ce, "Wallahi tallahi, in ka kuskura ka ce a raba idon yayata biyu, ni zan raba kanka biyu da fartanya! Wannan ba kabewa ba ce!"

Ya ce, "Kai dai Tanko gwangwani ne, da an sa wuta sai tafasa. Wa ya ce maka zan taɓa nata? Idon Ta-Madobi ba gonata ba ne." Sai ya sa yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa, ya matso. "Amma duba nan."

Na duba. Farar yana ce a duka biyun, ba ta kai tata ba, amma ta yi nisa. Na ce, "Au! Ashe shi ya sa ranar nan ka yi wa kututturen giginya sallama har kana jin haushi bai amsa ba?"

Ya ce, "Na ɗauka kai ne, tsayinku ɗaya, hankalinku ɗaya. Saurara. Na hagu na mai jaka ne, na dama na asibiti. Wanda ya ci, shi za a kai wa ita."

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce a je a tambayi masana. Ya ce ya tambaya, kowa hajarsa ya yaba. Na ce to a bar wa Allah. Ya ce Allahn ne ya ba shi ido biyu. Har gobe ina cewa hauka ne, kuma da zai dawo yau zan sake faɗa masa a gabanku. Amma kun san Malam Iro in ya kafe, sai dai a yi haƙuri.

A zaurena aka yi, da hantsi, don kada Yaya ta ji. Mai jaka ya ce, "Baba, biyun zan yi maka gaba ɗaya ka huta."

Ya ce, "Ɗaya."

"Ɗayan fa?"

"Yana da mai shi."

Ni na riƙe masa kai. Ko motsi bai yi ba, salati kawai yake yi ƙasa-ƙasa. Da aka gama ya ƙyafta, ya ƙyafta, ya ce, "Ikon Allah! Tanko, ga hasken ƙofa, ga akuyarka tana cin zanan maƙwabci."

A makon muka hau mota a Kura muka tafi Kano. Likita ya haska na hagun, ya yi ta faɗa, ya ce wa ya aike shi. Malam Iro ya ce shi ya aiki kansa. Suka ba shi magani, suka sa masa ranar da zai dawo a yi na dama. Muka komo gida, idon hagu yana ta gani, har yana hango mutane daga bakin kanal yana kiran sunansu. Sai labari ya zo cewa mai jaka zai tashi bayan kasuwa mai zuwa, ba a san inda zai nufa ba.

Na ce, "To, Malam, gani ya kori ji. Ga shi ka gani, da idon ma ka gani. Mu kai ta kafin ya tafi."

Ya ce, "Tanko, gero in ya tsiro rumbu ake kai shi? Tsiro ba girbi ba ne. A jira."

Mai jaka ya tafi. Ranar na shiga gidan na tarar da Yaya ta yi tuntuɓe da murhu ta fasa ƙafa, tana zaune tana laluben inda jinin yake. Na fito na gaya wa Malam Iro maganganun da ba zan maimaita su a wurin addu'a ba, na daina shiga zaurensa. In mun haɗu a masallaci sai in koma ɗaya gefen sahu.

Ba a daɗe ba idon hagu ya juya. Ya yi ja wur, ya kumbura, ruwa yana zuba ba tsayawa, ciwon yana sara masa har ƙeya. Mai ɗakina ce ta zo ta ce min, "In za ka je ka ga mijin yayarka ka je, mutumin nan ko tuwo ba ya iya ci." Na same shi a bayan rumbu ya dafe rabin fuska yana nishi. Yaya ta laluba ta fito ta ce, "Malam, wai me ke damunka ne kake ta gurnani haka?"

Ya ce, "Haƙori ne, Ta-Madobi."

Ta ce, "Haƙori?" Ta ɗan tsaya. Sannan ta kwance bakin zanenta ta miƙo masa kanumfari. Ya karɓa ya sa a baki, yana taunawa hawaye na zuba ta ido ɗaya. Haka ta riƙa ba shi kanumfari safe da yamma har ciwon ya lafa. Da ya lafa kuwa ya tafi da ganin gaba ɗaya, idon ya shanye ya koma fari.

Ranar asibiti ta zo, muka koma. Aka yi na dama, aka kwantar da shi aka ce kada ya motsa kai, kada ya yi yawan magana. Malam Iro, kada ya yi magana! Ina jin wannan ya fi wuƙar yi masa zafi. Da aka kwance bandeji, daga baya aka ba shi tabarau mai kaurin gindin kwalba, ya ɗora, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "La'ilaha illallahu! Tanko, dama haka kake da muni? Ashe yanar nan rufa maka asiri take yi."

Na ce, "To alhamdu lillahi, sai a kawo Yaya."

Ya ce, "Shi ma na hagu haka ya fara. A jira."

Wannan karon na yarda. Muka jira aka shuka alkama, aka yi ban-ruwa, ta yi zangarniya, aka girbe. Kullum da safe ya fito ƙofar gida ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Ranar da aka gama sussuka ya aiko a kira ni, ya ce, "Na dama ya ci. Nemo mana mota."

Yaya ta ce ita fa tsoro take ji, kada a sa mata na akuya. Ya ce, "Ni ba ga shi an yi min ba? Kin ji na yi kukan akuya?"

Ta ce, "Kukan dai ban ji ba, amma taurin kan yana nan."

Aka yi mata, Allah ya ba da sa'a. Ranar da za a kwance bandeji muna tsaye a bakin gadonta, ni a ƙafa, shi a kai. Na lura ya juya ya ba ta gefen damansa, yana ta kallon taga kamar akwai abin kallo a can. Malamar asibiti ta kwance, ta goge mata, ta riƙa mata gilashi a gaban idon. Yaya ta dubi rufin ɗaki, ta dubi hannunta, ta dube ni ta ce na yi furfura. Sannan ta ce, "Malam, juyo."

Ya ce, "Ai ga ni."

"Juyo duka."

Ya juyo. Ta daɗe tana kallon idon nan da ya mutu. Ta miƙa hannu ta taɓa gefensa.

Ta ce, "Haƙorin kenan?"

Ya kai hannu gemu. Ban taɓa ganin an yi wa Malam Iro tambaya ya rasa amsa ba sai ranar.

Ta ce, "Kana tsammanin makanta kurumta ce? Tun ranar da aka yi, matan gari suka kawo min labari har ɗaki. Na ce musu ban yarda ba sai na gani. Ba kai ka koya min ba?" Ta janye hannunta. "To na gani, Malam. Wayyo Allah, na gani."

Ta fashe da kuka. Malamar asibiti ta ce a'a, a'a, kada ta yi kuka, ɗinkin ɗanye ne. Malam Iro ya rikice, ya rasa inda zai sa hannunsa, ya kama gefen mayafinta yana cewa, "Ke Ta-Madobi, bari! Don Allah bari! Kada ki ɓata min gwaji!"

Sai kukan ya haɗu da dariya. Ni dai fita na yi waje, don nawa idon ba wanda ya ɗinke shi, ina da damar yin abin da na ga dama da shi.

Shekarun da suka rage masa kun gan su. Ta koma saƙarta, ja a wurin ja. Ta mayar da tabarmarta hagunsa, in mutum ya shigo ta wannan gefen ita ke cewa, "Wane ne, Malam," kafin ya juya. In za su gona da safe kuwa, kun san hanyar bakin kanal, ruwan yana hagun mai tafiya. Ita take shiga tsakaninsa da ruwan, a ɗan siririn gefen nan, ta bar masa faɗin hanya. Yana tafe yana yi mata bayanin abin da zai raba biyu bana, tana ce masa Allah ya shirya.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Tun da ya tafi garin nan ya yi min shiru. An kawo sabon irin tumatir, kowa ya karɓa ya dasa, ba wanda ya ja igiya. Sai in ji wata magana a kasuwa, in kama hanya da sauri in kai masa don in ji abin da zai ce, sai na zo ƙofar zauren in tuna. Wallahi ina kewarsa. Ban san haka zan yi kewar mutumin da na yi shekaru ina yi wa barazana da fartanya ba.

Shekaranjiya da safe na hango Yaya za ta gona ita kaɗai. Tana tafe a can gefen ruwa, a ɗan siririn wurin nan, ga hanya fetal a damanta ba kowa. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, matso tsakiya mana, kada ki zame!"

Ta tsaya, ta dubi damanta, ta dube ni ta cikin tabaranta. Ta ce, "Na sani, Tanko. Ƙafar ce ba ta sani ba tukuna."

Ta ci gaba da tafiyarta a gefen.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tashe shi da idanunsa biyu lafiya lau, ya nuna masa abin da ido bai taɓa gani ba. Ita kuma Allah ya ba ta haƙuri, ya riƙe mata ƙafa a bakin ruwa. Mu shafa.